Kalmar "Muster" da Matsalar Fassara Ta a Hausar Tasawa da Mayahi

Masu shirya ƙamus na Turanci da Faransanci da Hausa sukan ci karo da kalmar Turanci "muster", su fassara ta da gangami, su wuce. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa fassarar ta ɗauki rabin ma'anar ne kawai.

Asalin kalmar daga Latinanci yake, daga aikatau "monstrare", watau nunawa. Ta ratsa ta tsohon Faransanci, ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14, tana nufin nuna abu a fili. Daga baya ta keɓanta ga sojoji: a tara su, a jera su, a ƙidaya su, a duba makamansu. Sarakunan Ingila sukan yi haka don su san ƙarfinsu, kamar yadda aka yi a 1522 zamanin Henri na 8. A Faransa ma "montre" ake ce da wannan dubawa, domin da ita ake biyan albashi, har wasu hafsoshi kan hayo mutanen gari su tsaya a sahu ranar ƙidaya, su ci kuɗinsu. Yau kuwa "montre" agogon hannu ce, abin da ke nuna lokaci. Ashe zuciyar kalmar dubawa ce, tarawa kuwa hanya ce ta kaiwa gare ta. Shi ya sa Bature kan yi amfani da ita wajen abin da aka duba aka ga bai gaza ba, makiyayan Ostareliya kuma wajen tattaro dabbobi.

Kalmar ba ta samu gindin zama a Hausa ba, ko a Nijeriya inda aka ari soja da bariki da kofur da fareti. Balle a Tasawa da Mayahi, inda sojan Turawa ya zo da Faransanci. A Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, rundunar Voulet da Chanoine ta wargaje a watan Yuli na 1899, kuma bayan yarjejeniyoyin iyaka na 1904 da 1906 yankin ya tabbata a hannun Faransa. Kumandan da kafaran aka gada a nan.

Amma tun kafin Turawa akwai yaƙi, akwai kuma kalmominsa. Bayan Fulani sun ci Katsina wajen 1807, sarakunanta suka yi arewa, Maraɗi da Tasawa suka zama mazauninsu, aka shafe ƙarni na 19 ana kai hari ana ramawa. Mutanen da suka rayu haka ba za su rasa sunan tara mayaƙa ba. Abin lura shi ne, Hausa ta rarraba abin da Turanci ya dunƙule. Gangami, wanda alaƙarsa da ganga a fili take, kira ne: a kaɗa, jama'a su taru su ji saƙon sarki. Gayya neman taimako ce, ko ta noma ko ta yaƙi, kuma wanda aka gayyata ba a kiran sunansa daga takarda. Sansani wurin da runduna ta sauka ne. Ko ɗaya babu ƙidaya a cikinsa. A ganinmu abin da ya fi kusa shi ne hawan salla, inda kowane mai sarauta ke fitowa da dawakinsa ya yi jahi gaban sarki, sarki ya ga wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Wannan ya shafi masu rubuta littattafan yaƙi da jahilci kai tsaye. Manomin Mayahi ya san gangamin rigakafi da na siyasa, in ya ga kalmar a takarda taro da shela za su zo masa a rai. Saboda haka muna ba da shawarar a bar gangami ga "mobilisation" ta Faransanci, a fassara "muster" da duban runduna, ko ƙidayar soja in ana maganar takardar sunaye. A ce: "An yi gangami ran Laraba, Ƙaura ya yi duban runduna ran Alhamis."