Keken tura yara mai kujera biyu: abin da ya kamata iyaye su auna kafin su biya kuɗi

A garuruwan da dangi ke kusa, zanin goyo ya wadatar. Uwa ta goya jariri, kaka ko ƙanwar miji ta riƙe ɗayan, a tafi asibiti a dawo. Lamarin yakan sauya ga iyalan Hausawa da ke zaune a Duwala, Abijan, Libarbil, ko can Paris da Brussels, inda mace kan wuni ita kaɗai da yara. Idan Allah ya ba ta tagwaye, ko aka yi kwanika, yara biyu ne ke neman baya ɗaya. A nan ne magidanta ke fara tambayar keken tura yara mai kujera biyu, wanda a kantuna ake kira poussette double.

Kayan ba su da araha, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓa da ido a kanti, a zo gida a tarar keken ya ƙi shiga ƙofa. Don haka zaɓin yana farawa ne daga gida: faɗin ƙofa, irin hanyar unguwa, da shekarun yaran.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne mai kujeru gefe da gefe. Yaran biyu suna ganin hanya daidai, kowace kujera tana kwantawa da kanta, nauyi kuma ya rabu daidai, shi ya sa ya fi sauƙin hawa dakali ko tsallake kwata. Ya fi dacewa da tagwaye. Matsalarsa faɗi: yawancinsu suna tsakanin santimita 65 zuwa 80.

Na biyu shi ne mai kujera gaba da baya. Faɗinsa kamar na keken yaro ɗaya ne, yana ratsa lungu da layin kasuwa. Sai dai yana da tsawo, yana da wuyar juyawa, kuma idan babban yaro na zaune a gaba, ɗaga tayoyin gaba don hawa dakali sai an sa ƙarfi.

Na uku shi ne wanda ake saya da kujera ɗaya, a ƙara ta biyu idan ƙani ya zo. Ya dace da ma'auratan da ke sa ran haihuwa kusa da kusa, amma ya fi tsada, kuma sau da yawa kujera ta biyu daban ake sayenta.

A fara da tef ɗin awo

A gidajen Faransa, da gine-ginen da suka bi tsarinta, ƙofofin ɗaki sukan zo da faɗin santimita 63, 73, 83 ko 93, kuma sararin wucewa yakan gaza haka da 'yan santimita. Misali, Bugaboo Donkey yana da faɗin santimita 60 da kujera ɗaya, amma idan aka buɗe shi don yara biyu yana kai 74. Ƙofa mai 73 ba za ta bar shi ya wuce ba. Mai saye ya auna ƙofar gida, da ta na'urar hawa bene idan akwai, da but ɗin mota ko na tasin da aka saba shiga, ya rubuta a takarda ya tafi da ita kanti.

Nauyi ma abin dubawa ne. Irin waɗannan kekuna sukan kai kilo 10 zuwa 17 ba tare da yara ba. Matar da ke hawa na uku a bene marar na'ura za ta ɗauki wannan nauyi kullum, ga yara biyu. A Paris, yawancin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa matakala ce kawai, layi na 14 ne aka tanada wa na'ura a duk tashoshinsa. Wadda zirga-zirgarta ta dogara da babur ɗin haya a Kwatano ko Duwala kuwa, keken zai fi zama a gida.

Taya da hanya

Ƙananan tayoyin roba an yi su ne don kwalta mai santsi da daɓen kanti. A rairayin unguwannin Yamai ko Njamena sukan nutse, a hanya mai ramuka kuma sukan girgiza jariri. Manyan tayoyi sun fi. Masu iska suna da laushi amma ƙaya na huda su, sai an riƙa kai wa mai faci. Waɗanda aka cika da kumfa ba sa sacewa. Yana da kyau tayoyin gaba su kasance masu juyawa da kuma makulli, domin a kulle su a hanya marar kyau.

Shekarun yara

Jariri da bai kai wata 6 ba wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan aka zaunar da shi, kansa na iya faɗowa kan ƙirji ya takura masa numfashi. Dole ne kujerarsa ta kwanta sosai, ko a sa masa ɗan gadon da ake ɗorawa a kan keken. A wasu kekuna masu gaba da baya kujera ɗaya ce kawai ke kwantawa, abin da bai dace da tagwaye sabbin haihuwa ba.

Idan babban ya kusa shekara 3, sayen mai kujera biyu na iya zama asara, domin ba da daɗewa ba zai ƙi zama. Akwai ɗan allo mai taya da ake maƙalawa a bayan keken yaro ɗaya, babban ya tsaya a kai idan ya gaji. Iyalai da dama kuma sukan haɗa biyu: jariri a goye, babban a keke, har jaririn ya yi wayo.

Alamomin lafiya

A Turai, ƙa'idar da ta shafi waɗannan kekuna ita ce EN 1888. Kashi na farko ya shafi yaro har kilo 15, wato kimanin shekara 3, kashi na biyu har kilo 22. A duba wannan lamba a jikin keken, tare da nauyin da kowace kujera ke ɗauka. Kowane yaro ya samu maɗauri mai riƙo biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Birki ya riƙe tayoyin baya duka biyu. Kada a rataya jakar cefane a hannun keken, domin da zarar an cire yaro ɗaya, keken na iya kifewa baya da ɗayan.

Ga masu sayen na gwanjo

Yawancin kekunan da ake samu a shagunan kayan gwanjo na Yawunde, Duwala ko Lome daga Turai da Amurka kwantena ta kawo su, ba takarda, ba tarihi. Akwai masu kyau a cikinsu, akwai kuma waɗanda aka janye daga kasuwa a can. A watan Nuwamba na 2009, kamfanin Maclaren ya yi kiranye ga kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka, har da masu kujera biyu, bayan da gaɓar naɗe keken ta datse wa yara 12 kan yatsa. Mai saye ya nemi sunan samfurin a intanet, ya naɗe keken ya buɗe sau da yawa, ya taka birki ya tura ya gani ko yana riƙewa, ya ja kowane maɗauri da ƙarfi. Inda aka ga tsatsa a gaɓa ko alamar walda, a haƙura. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Zafi da sauro

Iyaye da yawa sukan yafa zani ko mayafi a kan keken don kare yara daga rana da ƙura. Binciken da aka yi a Jami'ar Sydney ta Ostareliya, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa busasshen ƙyalle na iya ƙara zafin cikin keken da kusan digiri 4, yayin da jiƙaƙƙen ƙyalle marar kauri tare da ƙaramar fanka ya rage shi da kusan digiri 5. A yankin Sahel, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga jariri. A zaɓi keke mai rumfa daban ga kowane yaro, mai raga a gefe don iska ta ratsa. Da yamma a sa gidan sauro da aka ɗinka daidai girman keken.

Kafin a biya, a je kanti da yaran idan da hali, a zaunar da su, a tura, a juya, a gwada hawa dakali. Wadda za ta riƙa tura keken kullum, ita ya kamata ta gwada naɗe shi da ɗaga shi da hannunta.