Na'urar Bin Motsin Kai a Wasan Tuƙin Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana kwaikwayon tuƙin jirgin sama, ko a Microsoft Flight Simulator ko a X-Plane, ya san cewa matuƙi na haƙiƙa ba ya kafa ido wuri guda, sai ya waiwaya ya dubi fiffike, ya sunkuya ya karanta agogunan da ke gabansa, ya leƙa titin sauka. Saboda wannan lalura aka ƙago na'urar bin motsin kai, wadda hikimarta ita ce in mutum ya karkata kansa kaɗan, hoton ya juya da yawa, alhali idonsa bai rabu da allo ba.

Mafi shahara ita ce TrackIR ta kamfanin NaturalPoint na Amurka, wadda samfurinta na biyar ya fito a 2009: 'yar kyamara ce bisa allo, tana lura da ɗigo uku da aka maƙala a hular ɗan wasa. Tobii ta ƙasar Suwidin kuwa ido da fuska take bi, ba ruwanta da hula.

Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi, domin manhajojin waɗannan biyu don Windows aka yi su, ko da yake X-Plane kansa yana aiki a Mac da Linux. Ga mai Linux, ko mai ƙaramin ƙarfi, manhajar OpenTrack kyauta ce, kuma kyamarar kwamfuta ta wadatar, wanda a ganina fa'ida ce babba. Lalle mai karatu ya tabbatar da tsarin kwamfutarsa kafin ya fitar da kuɗinsa.