SANA'AR ƊAB'I: YADDA ƘARAMAR MAƊABA'A TAKE GUDANA

Da wuya a sami gidan da babu wani abu da ya fito daga maɗaba'a. Kalandar da ke rataye a zaure, da katin ɗaurin aure, da rasit ɗin kuɗin makaranta, da katin asibiti, har ma wannan mujalla da ke hannunku, duk aikin masu ɗab'i ne. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin wahalar da ake sha kafin farar takarda ta zama abin karantawa. Nufina a nan shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda ƙaramar maɗaba'a take gudana, irin wadda ake gani a bakin titi ko kusa da kasuwa, mai shago ɗaya ko biyu da ma'aikata huɗu ko biyar.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. Wani Bajamushe mai suna Gutenberg shi ne ya ƙago bugu da haruffan ƙarfe a Turai, wajen shekarar 1450. A Nijeriya kuwa, 'yan mishan ne suka kafa maɗaba'a a Kalaba a 1846, sa'an nan aka fara buga jaridar Iwe Irohin a Abeokuta a 1859. A nan Arewa, Zariya ce uwar wannan sana'a ta fuskar boko. A 1939 aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, kuma a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Daga baya ƙananan maɗaba'u suka yaɗu a Kano da Kaduna da Jos da sauran garuruwa, kuma su ne suka riƙa buga littattafan nan da ake kira adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980.

To, yaya aiki yake tafiya? Da sassafe yaron shago yake buɗewa ya yi shara, ya goge injuna, domin ƙura babbar abokiyar gabar ɗab'i ce. Mai gida kuwa abin da yake fara dubawa shi ne ko akwai wuta. In babu, sai a duba man janareta. Bayan nan sai ya ɗauko littafin da yake rubuta ayyuka, ya ga wanda aka yi wa alkawarin yau, da wanda zai iya jira zuwa jibi.

Idan mai aiki ya zo, misali da littafin da yake so a buga masa, sai a zauna a yi lissafi kafin a yi ciniki. Ga yadda lissafin yake. A ce littafin shafi 64 ne, kuma babbar takarda guda tana ɗaukar shafi 16, wato takwas a gaba, takwas a baya. Ke nan kowane littafi zai ci takarda huɗu. In ana son kwafi 1,000, ana bukatar takarda 4,000. Da yake kowane rim takarda 500 ne, rim takwas ke nan, ban da 'yan ƙarin da za su lalace wajen daidaita inji. Sa'an nan a haɗa kuɗin bango, da tawada, da mai, da ladan ma'aikata. Wanda bai iya wannan lissafi ba, zai wuni yana aiki, wata ya ƙare bai ga ribar sisi ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa darasin lissafi da waɗansunmu suke gudu ba a aji kaɗai amfaninsa ya tsaya ba.

In an daidaita, sai mai aiki ya ba da kafin alƙalami, a sayo takarda. A zamanin da, mai jera haruffa ne yake tsintar su ɗaya bayan ɗaya daga cikin akwati, yana jera su a juye, daga baya a shafa musu tawada a danna kan takarda. Yanzu kuwa a kwamfuta ake buga rubutun a tsara shafuka. Daga nan sai a fitar da gwaji a ba mai aiki ya karanta, ya sa hannu cewa ya yarda.

Wannan mataki na gwaji shi ne wurin da ya fi kowane haɗari, musamman a rubutun Hausa. Haruffan nan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigo da su cikin boko a shekarun 1930, ba kowane irin rubutun kwamfuta ne yake da su ba. In ƙugiya ta ɓace, ma'ana ta tafi. Mai biki ya ce yana maraba da baƙi, sai kati ya fito yana maraba da baki. Ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Haka kuma in aka yi kuskuren ranar ɗaurin aure ko sunan unguwa a kati 500, babu wata dabara sai a sake bugawa. In mai aiki ya riga ya sa hannu a gwajin, asarar tasa ce. In bai sa ba, mai maɗaba'a ne zai ɗauka. Shi ya sa gogaggen mai ɗab'i ba ya tayar da inji sai ya ga sa hannu, ko da mai aikin ɗan'uwansa ne.

Bayan gwaji sai a mai da kowane gefen takarda kan wani siririn farantin ƙarfe. Littafin nan namu mai shafi 64 zai ci faranti takwas. Abin mamaki shi ne farantin sumul yake, ba a sassaƙa masa haruffa ba. Sirrin yana cikin abin da kowa ya sani, cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Inji yana jiƙa farantin da ruwa, ruwan ya kama wurin da babu rubutu. Tawada kuwa da yake mai maiƙo ce, sai ta guje wa wurin da ya jiƙe, ta manne a kan rubutun kaɗai. Daga farantin sai ta hau kan wata roba mai juyawa, robar kuma ta ɗora ta a takarda. Yawancin injunan da ke ƙananan maɗaba'unmu tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai, irin su Heidelberg na Jamus, amma in ana kula da su, suna buga dubban takardu cikin awa guda.

Wannan faranti shi ne ya sa kwafi 100 ya fi kwafi 1,000 tsada in aka raba kuɗin a kan kowane guda, domin kuɗin faranti ɗaya ne ko an buga kaɗan ko da yawa. Saboda haka ƙaramin aiki akan tura shi injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta.

Hoto mai launi kuma wani aiki ne dabam. Duk launukan da muke gani a kalanda, daga tawada huɗu suka fito: shuɗiya, da ja mai haske, da rawaya, da baƙa. In injin mai launi ɗaya ne, dole takarda ta bi ta cikinsa sau huɗu, kuma duk lokacin da za a sauya launi sai an wanke shi tas. In takarda ta goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga fuskar ango ta fito da inuwa biyu. Yanayi ma yana da tasa rawar. Da damina takarda takan sha danshi ta lanƙwashe, da hunturu kuma ta bushe ta riƙa mannewa da juna.

Bugu ba shi ne ƙarshe ba. Sai an naɗe takardun, an jera su bi da bi, an ɗinke ko an manna, an sa bango, sa'an nan a datse gefe da injin yanka. Wuƙar wannan inji tana raba ɗaruruwan takardu a sara guda, don haka ba a barin sabon yaro ya kusance ta.

Ita ma wannan sana'a tana da kakarta kamar noma. Gab da azumi ana neman jadawalin sahur da shan ruwa. Bayan salla katunan biki suke yawa. Ƙarshen shekara na kalanda ne, ƙarshen zangon karatu kuma na takardun jarrabawa da katin sakamako. Babbar kaka ita ce shekarar zaɓe, lokacin da injuna suke kwana suna buga hotunan 'yan takara. Sai dai masu sana'ar sun san cewa wanda ya buga wa ɗan takara bashi, in ya faɗi zaɓe, da wuya ya sake ganin ƙeyarsa. Mai hankali yakan ajiye wani abu daga ribar kaka saboda watannin da inji zai yi shiru.

Matsaloli kuwa ba su da kaɗan. An kafa masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma ba su wadatar da ƙasa ba, saboda haka yawancin takarda da tawada daga waje ake kawo su. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma aka janye tallafin man fetur a wannan shekarar, kuɗin kayan aiki ya yi tashin gwauron zabo. Mai ɗab'i zai iya yin ciniki yau, kafin ya je sayen takarda jibi farashi ya sauya. Ga shi kuma mutane da yawa yanzu ta WhatsApp suke aika gayyatar biki, sai su buga kati kaɗan na manya kawai.

Amma babban jarin mai maɗaba'a amana ce. A hannunsa tambayoyin jarrabawa suke kwana kafin ɗalibai su gani. Wurinsa maƙaryaci zai zo neman rasit na jabu, ko takardar shaidar karatun da bai yi ba, ko takardar ɓatanci da za ta iya tayar da fitina a gari, kuma ya zo da kuɗi masu tsoka. In ya karɓa, ya ci na yau, amma ranar da asiri ya tonu, hukuma za ta kama shi, makarantu su janye aikinsu, sunansa ya ɓaci. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da kada mu raina wannan sana'a don mun ga masu yinta da tawada a hannu. Tana bukatar lissafi, da ƙa'idojin rubutu, da sanin inji, da haƙuri, kuma duk waɗannan a makaranta ake fara koyonsu. Ba dukanmu ne za mu sami aikin ofis ba. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su bar 'ya'yansu, maza da mata, su je koyon irin wannan aiki lokacin dogon hutu. In kuma kun kai aiki maɗaba'a, ku kai shi da wuri, ku karanta gwaji da kyau, ku cika kuɗi ranar karɓa. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin.