Buhu da Basilla a Kasuwar Gangara

Wanda ya daɗe bai leƙo kasuwar Gangara ba, ba tsadar gero ce za ta fara ɗaure masa kai ba, don tun a mota ya sha labarinta. Layin masu kaba zai nema ya rasa. A da, kafin mutum ya kai wurin ƴan hatsi sai ya ratsa tulin igiya da tabarmi da sanho da mangalar jaki, duk saƙar kabar da ake yankowa a Gulbin Kaba, ga dukawa can baya da taiki da waga, warin jima na dukan hanci. Yanzu wurin ya koma na buhunan roba, farare da masu ratsin kore da ja, an ɗaure su dami-dami. Masu kaba ba su ƙare ba, amma an matsa da su bakin kasuwa kusa da turken jakuna, kuma da wuya ka ga saurayi a cikinsu.

A tsakiyar layin buhun, gindin wata bedi, akwai wani tsoho da ni a wurina shi ne kasuwar. Ba ya awo, ba ya dillanci, ba shi da mota, ko amalanke ba shi da ita. Buhu yake sayarwa, in an cika shi kuma ya ɗinke bakin. Sai dai babu wake ko ayar da za ta bar garin nan ta hau kwalta a Gazawa ba ta bi ta hannunsa ko hannun irinsa ba.

Tun yana yaro ya shiga sana'ar, a zamanin gyaɗa. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta Kano a 1912 gyaɗar ƙasar Hausa ta samu ƙofar zuwa teku, kuma gyaɗa ce ta koya wa mutanenmu buhu. Taiki da waga na fatake ne, mai kaya ya san nasa, yana juyewa ya koma da abinsa gida. Buhun garara kuwa na kamfani ne, girmansa ɗaya, a ɗora shi a sikeli, a jera shi har ya zama dala. Bayan mulkin kai, a 1962, aka kafa SONARA ta riƙe cinikin gyaɗar Nijar, a rumfunan sayen gyaɗa na wancan lokaci ne tsohon ya koyi riƙon basilla. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, manoman Agye da Gazawa da Gidan Rumji suka ƙara karkata ga wake da aya. Buhun garara ya bi gyaɗa, na roba ya gaje shi. Har yau in an tabo zancen sai ya ce garara tana numfashi, hatsi ba ya gumi a cikinta, in ta yage a yi mata faci ta ƙara shekara, na roba kuwa rana ta doke shi wata biyu sai ya riƙa marmashewa a hannu.

Ku ga yadda yake sayen tsohon buhu. Yaro zai kawo dami, ba zai tanka masa ba. Zai zaro ɗaya, ya zura kai ciki ya fuskanci rana, duk inda haske ya ɓullo ya san ɓera ya taɓa. Sannan ya juya cikin waje ya sunsuna. Buhun sukari shi ne sarki, saƙarsa a matse take. Na shinkafa yana biye. Na takin zamani a gefe yake ajiye shi, ya ce na gawayi ne da takin gida, kodayake na san ba kowane mai buhu ne ke da wannan tsoron Allah ba, ana wankewa a zuba gero a kai wa mutane. Zaren ɗinki ma ba ya saye, daga buhun da ya mutu yake warware shi, ya murɗa biyu a cinya. Basillar tasa ta lanƙwashe don tsufa, ta yi sumul tana ƙyalli, yana saƙale ta a hula. In ya kama bakin buhu sai ya tattaro kusurwa ɗaya ya yi mata kunne, ya bi da ɗinki sara-sara har ɗaya kusurwar, ya sake yin kunne, don ɗan dako ya samu abin kamawa. Buhun da ba kunne, in ji shi, zalunci ne ga mai ɗauka.

Kayansa masu daraja ba ya shimfiɗa su a ƙasa. Suna ƙarƙashin tabarmar da yake zaune, buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗaure na waje. Ƙwaron da ke ciki ya shanye ƴar iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu, ba da ɗigon magani ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar, aka shiga yaɗa ta a 2007 da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates, kuma a nan Maraɗi, a cibiyar binciken noma ta INRAN, Dakta Ibrahim Bawa da abokan aikinsa suka yi mata gwaji mai yawa. Mutanen ƙauyukan nan ba su manta yadda aka shawo kansu ba: a ɗaure buhu da kaka a gaban maigari, a bari sai bayan watanni a tara jama'a a kwance, kowa ya zura hannu ya ga waken fari tas babu huji. Kamfanin Lela Agro na Kano na cikin waɗanda suka fara ƙera shi.

Kafin zuwan wannan buhu, mai wake na da zaɓi uku, duk ba daɗi. Ko ya haɗa da toka ko yashi ya zuba a tulu, wanda ba ya ɗaukar da yawa. Ko ya jefa ƙwayar maganin nan mai hayaƙi a buhu ya kwana ɗaki ɗaya da ita. Ko ya sayar da kaka, lokacin da wake ba shi da daraja, ya zo bazara yana sayen nasa a hannun ɗan kasuwa da tsada. Maganin kuwa ba a gida kaɗai ya yi ɓarna ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan gubar ƙwari da aka samu a jikinsa, alhali kowa ya san kaso mai tsoka na waken da ke kasuwar Dawanau ta Kano daga gonakinmu ya tafi.

Na ce wa tsohon, "Baba, mai ruɓi ukun nan nawa?"

Bai ɗago ba. "Jikka da dala ɗari."

"Haba Baba. Da jikka guda muka san shi."

"Albarka. Da jikka guda ka san tiyar wake nawa?"

"Ai daga Kano ake kawo shi, kuma naira ta faɗi. Kamata ya yi ya sauko."

Nan ya ajiye basilla. "Ɗana, naira ta faɗi a Kano. Tsakanin Kano da gindin bedin nan akwai shinge nawa? Kowane shinge da sefa yake magana. Mai mota ya sha mai da sabon kuɗi. Kuma wanda ka gani a rumfar can ana ba da shi jikka, je ka taɓa ledar. In ka iya hura ta da baki ta kumbura ba ta tsiyaya, ni zan biya."

Na je na taɓa. Ledar ba ta kai rabin kaurin tasa ba. Muka tsaya a jikka da dala sittin, ya ce saboda mahaifina ne, abin da nake zaton yana faɗa wa duk wanda mahaifinsa ya rasu. Gaskiyarsa ce a kan shinge, amma ba duka ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 ta kuma saki naira a watan da ya biyo, kuɗin mota ya hau, haka ne. Sai dai naira ta zube daga ƙasa da 500 a dala ɗaya ta Amurka zuwa sama da 1,500 a 2024, sefa kuwa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Mai sayen wake daga Katsina ya iso da kuɗi marasa ƙarfi ya taya da arha, mai kawo buhu daga Kano ya saya da arha ya sayar da tsada. Manomi ne a tsakiya, an yanke shi ta gaba an yanke shi ta baya.

Abin da ya fi ci mini rai a kasuwar shi ne buhun da ake kira na kilo ɗari. Lissafin da muka tashi da shi, tiya arba'in ce buhu. Je ka tsaya inda ƴan awo ke tara wa manyan ƴan kasuwa kaya ka ƙirga. Tiyar saye daban, an bubbuga mata gindi ta faɗaɗa, a cika ta ta yi tozo, a tare da hannu, abin da ya zubo a tabarma na mai awo ne. Buhun kuma a ɗaga shi a buga da ƙasa, a zura tabarya a danna, a ƙara, in baki ya ƙi haɗuwa a yanko wani ƙyallen buhu a ɗinka masa hula. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin kasuwa a kan buhu ake karɓa, kuɗin dako a kan buhu, kuɗin mota a kan buhu, abin da ake miƙawa a hanya ma da yawan buhu ake kintata shi. Ba wanda ke tambayar nauyi. To wane ɗan kasuwa ne zai bar buhunsa da yunwa? Sai buhu ya yi ta ƙiba, ƴan dako su yi ta rama. Na tsaya na kalli wani saurayi ana ɗora masa irin wannan a wuya, mutum biyu suka ɗaga, ya hau katakon da aka jingina da kamyo gwiwarsa na rawa, aka jefa masa ladan da bai kai kuɗin kwanon fura biyu ba. Tsohon nan shi ke ɗinka hular, kuma ya fi kowa tsine mata. Ya ce a zamanin sikeli, in buhu ya wuce nauyi malamin awo kwance shi yake sa a yi.

Aya tata wahalar daban ce. Ƙwaro bai dame ta kamar wake ba, ƙasa ce abokiyar gabarta. Daga cikin yashi ake tono ta a tankaɗe, duk yadda aka rairaya sai tsakuwa ta biyo, wani kuma da gangan yake barin ta don nauyi. Wadda za ta tsaya Katsina ko Kano a yi kunun aya ba a tsananta mata. Wadda za ta ƙetare teku zuwa Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin nasu abin sha da ita, sai an sake zube ta a Cadawa ko Maraɗi, mata su tsince, a ware manya da ƙanana, a zuba a sabon buhu mai tambari. Wato aikin ɗinkin Gangara a can ake farke shi da wuƙa, kuma riba mai kauri a buhu na biyu take.

Hanya kuwa, Allah ya kyauta. Daga ƙauye amalanken shanu, buhu huɗu ko biyar, cikin yashin da ke cinye taya. Daga kasuwa zuwa Gazawa tsofaffin motocin da ba a kashe su in an tsaya. A can ne manyan kamyo ke jira, wasu su yi yamma su bi Agye da Cadawa zuwa Maraɗi su sauka Ɗan Isa da Jibiya, wasu su yi gabas Tasawa da Damagaram. Haka yake in iyaka a buɗe take. Najeriya ta rufe nata a Agustan 2019, ta fara buɗewa a Disamban 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama shan iska ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka sake garƙamewa har Maris na 2024. Gadar Gaya da ke kai kaya Kwatano ta toshe, mai ayar Turai ya koma zagayen Burkina Faso zuwa Lome, a ayari, da rakiyar soja. A Oktoban 2024 kuma Yamai ta hana fitar da hatsi waje in ba Mali da Burkina Faso ba. Kowace doka da hujjarta, na yarda, amma masu sa hannu ba su taɓa ganin kamyo cike da kaya ya kwana goma a rana buhunan sama na fashewa ɗaya bayan ɗaya ba.

Abin dariya, rufe iyaka bai kashe kasuwar tsohon ba, sauya mata fasali ya yi. Da kamyo ya tsaya, babur ya tashi. Babur ba ya ɗaukar buhu mai hula a hanyar daji cikin dare, sai aka koma neman rabi-rabi, ƙananan buhunan shinkafa da na sukari suka yi tsada, ya riƙa yanka babba biyu yana ɗinke gindi. Ya ce bai taɓa cin ribar basilla irin ta waɗannan watanni ba, ya kuma ce kada Allah ya maimaita, don yara biyu na unguwarsu a wannan hanya suka karye.

Na tambaye shi labarin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke aikin. Ya ce ya ji a rediyo. Jirgin bai dame shi ba, don ko ya zo Maraɗi zai tsaya, wake kuma sai ya shiga buhu kafin ya je ya same shi. Abin da ya dame shi wata ƴar na'ura ce da ya gani a hannun wani yaro a Cadawa, ta hannu, mai batir, a ɗora ta a bakin buhu ta zuge shi kafin ka gama salati. Ba ta yin kunne. Ya tambayi kuɗinta, aka faɗa masa, ya lissafa ya ga sai ya ɗinke buhunan kaka biyu bai ci komai ba. Jikansa dai ya riga ya fara tara kuɗin.