Neman Riba a Faɗuwar Hannun Jari: Cinikin CFD da Haɗarinsa

Ranar Lahadi, 26 ga Oktoba 2008, kamfanin motoci na Porsche ya fitar da sanarwar da ta hana manyan 'yan kasuwar hannun jari barci. Ya ce yana riƙe da kashi 42.6 cikin ɗari na Volkswagen, kuma ya ƙulla yarjejeniyar da za ta ba shi wani kashi 31.5. Jihar Lower Saxony ta Jamus na da kusan kashi 20, kuma ba na sayarwa ba ne. Abin da ya rage a kasuwa bai kai kashi 6 ba, alhali masu jiran faɗuwar Volkswagen sun ari wajen kashi 12 sun sayar, kuma tilas su sayo su mayar wa masu shi. Nan fa aka shiga rububi. Cikin kwana biyu farashin ya tashi daga wajen yuro 210 ya haura 1,000, har Volkswagen ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci.

Dabarar da ta kai su ta baro tsohuwa ce. Kamar mutum ne ya ari buhun masara da damina yana tsada, ya sayar, da kaka ya sayi wani da arha ya biya, ya soke rarar a aljihu. Sai dai aron hannun jari aikin manya ne, yana buƙatar dillali mai ƙarfi da jingina mai nauyi. Abin da ya buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofa shi ne yarjejeniyar bambancin farashi, wadda aka fi sani da CFD.

A nan mai ciniki ba ya aro, ba ya mallakar komai. Shi da kamfanin dillanci ne ke shirya cewa ranar da aka rufe ciniki, wanda farashi ya juya wa baya zai biya ɗayan bambancin. A Landan aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1990, ana kuma danganta ta da wasu ma'aikatan banki biyu, Brian Keelan da Jon Wood. Manyan masu zuba jari sun rungume ta ne saboda tana tsallake harajin kashi 0.5 da Birtaniya ke karɓa a kan sayen hannun jari. Ƙarshen shekarun ne aka ɗora ta a intanet, kamfanoni irin su IG da CMC Markets suka kai ta har ɗakin kowa.

Ga yadda lissafin yake. A ce hannun jarin wani kamfani fam 10 ne, mai ciniki ya ga alamar zai faɗi, sai ya buɗe cinikin sayar da guda 1,000. Darajarsu fam 10,000, amma fam 2,000 kaɗai zai ajiye. Idan farashin ya sauka zuwa fam 8, ya ci fam 2,000, wato ya ninka kuɗinsa. Idan kuwa ya hau zuwa 12, ajiyar ta tafi ƙurmus. Ba ma za a jira a kai nan ba: a ƙa'idar Turai, da zarar rabin ajiyar ya narke, dillali zai rufe cinikin, ko da mai shi na rantsuwa gobe farashin zai rikito.

Wani abin da tallace-tallace ba sa son faɗa shi ne ribar tana da iyaka, tunda farashi ba ya sauka ƙasa da sifili, hawa kuwa ba shi da rufi. Ga kuma ƙananan kuɗaɗe masu ci a hankali: tazarar farashin saye da na sayarwa, lada, kuɗin kwana, da kuɗin aro da dillali ke ɗora wa mai ciniki idan hannun jarin ya yi wuyar samu. Idan kamfanin ya raba wa masu hannun jari riba, daga asusun mai jiran faɗuwa ake cire kwatankwacinta. Umarnin tsayar da asara ma ba garkuwa ba ne kullum, domin labari na iya fita da dare, kasuwa ta buɗe da safe farashi ya riga ya tsallake inda aka sa alama.

Hukumomi sun daɗe da lura. Amurka ba ta yarda a sayar wa ƙananan 'yan kasuwa CFD ba. Hukumar kasuwannin Tarayyar Turai, ESMA, ta gano cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na irin waɗannan asusu asara suke yi. Daga 1 ga Agusta 2018 ta taƙaita girman ciniki zuwa ninki biyar na ajiya a kan hannun jarin kamfani ɗaya, ta hana a bi mutum bashin da ya wuce abin da ke asusunsa, ta kuma tilasta wa kowane dillali bayyana yawan abokan cinikinsa da ke faɗuwa. Wannan kariya ba lallai ta bi wanda ya buɗe asusu ta waya da wani reshe mai rajista a can wani tsibiri ba, kuma irin waɗannan rassan ne sukan karɓi masu ciniki daga Afirka. Yawancin malaman harkar kuɗin Musulunci kuwa ba su halatta cinikin ba, saboda sayar da abin da ba a mallaka ba, da kuɗin ruwa, da kamarsa da caca.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce masu neman faɗuwar kamfani maɓarnata ne kawai. Sau da yawa su ne ke fara jin warin ruɓa. Kamfanin biyan kuɗi na Jamus, Wirecard, shaida ne. Tun Fabrairun 2016 wasu masu neman faɗuwarsa suka fitar da rahoto suna zarginsa da almundahana, lokacin farashinsa na wajen yuro 40. Maimakon ya durƙushe, sai ya doshi yuro 200 a 2018, har ya shiga jerin manyan kamfanonin Jamus na DAX a gurbin Commerzbank. A Fabrairun 2019 hukumar kula da harkar kuɗi ta Jamus, BaFin, ta dakatar da sabon cinikin faɗuwarsa na wata biyu, aka kuma sa 'yan jaridar Financial Times da suka bi diddiginsa a gaba da bincike.

A Yunin 2020 asiri ya tonu: yuro biliyan 1.9 da kamfanin ke cewa yana da su babu su. Ranar 25 ga watan ya bayyana karyewarsa, farashin ya koma 'yan yuro ƙalilan. Manyan asusun da suka iya jure shekaru suna zuba ƙarin jingina sun kwashi riba mai tsoka. Wanda kuwa ya shiga da CFD a 2016 da ajiyar kashi 20, bai kuma ƙara ko sisi ba, tuni dillali ya rufe masa ciniki a kan asara, shekaru kafin a tabbatar da cewa zarginsa gaskiya ne.