Shiru da rabuwar iyali a fim ɗin The Godfather

The Godfather fim ne na Amurka da Francis Ford Coppola ya ba da umarni, wanda aka fitar a shekarar 1972, kashi na biyu kuma ya biyo baya a 1974. An ɗauko labarin daga littafin Mario Puzo na 1969, kuma yana bin rayuwar iyalin Corleone, ’yan asalin Sisili da ke tafiyar da ƙungiyar masu laifi a birnin New York. A wannan gida, da baki ake ƙulla ciniki, da baki ake yin ƙarya, amma yanke zumunci galibi ba a furta shi. Mai kallo yana gane shi ne ta hanyar ƙofa, kallo da wurin zama.

Rufe ƙofa

A ƙarshen kashi na farko, Kay (Diane Keaton) ta tambayi mijinta Michael (Al Pacino) ko shi ya sa aka kashe Carlo, mijin ƙanwarsa Connie. Ya musanta. Da ta fita, sai ta hango mazaje suna sumbatar hannunsa, sannan yaronsa Al Neri ya rufe ƙofa. A kashi na biyu, bayan aurensu ya lalace, Kay ta zo ganin ’ya’yanta a ɓoye, sai Michael ya riske ta. Bai ce mata uffan ba, ya rufe ƙofar da hannunsa. A karon farko wani ne ya raba su, a na biyu kuwa shi da kansa.

Fredo

Bayan Michael ya gano cewa wansa Fredo (John Cazale) ya ci amanarsa, ya jinkirta ramuwa saboda mahaifiyarsu tana raye. A wurin makokinta ya rungume shi, amma idonsa na kan Neri, kuma wannan kallo shi ne hukuncin. An harbe Fredo a cikin kwalekwale a tafkin Tahoe, Michael yana tsaye a bakin taga.

Zama shi kaɗai

Kafin a rufe kashi na biyu, labarin ya koma watan Disamba na 1941, ranar da Michael ya shaida wa ’yan uwansa cewa ya shiga soja. Kowa ya tashi tarbar mahaifinsu, aka bar shi shi kaɗai a teburin abinci. Wannan ya nuna cewa nisan da ke tsakaninsa da danginsa ya girmi laifukansa. Hoton ƙarshe ya nuna shi zaune a waje, ya gama da abokan gabansa, amma babu kowa a kusa da shi.