Daga Alƙalamin Kara Zuwa Wayar Hannu: Masu Ɗab'i Sun Sami Sabuwar Hanyar Ciniki

Daga wakilinmu a Salaga

Duk wanda ya san tarihin Salaga ya san cewa rubutu ba baƙo ba ne a garin. A zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, malamai kan biyo fatake da littattafansu a cikin gafaka. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a nan yana koyarwa, bayan yaƙin basasa na 1892 ya koma Kete Karachi, inda ya rasu a 1934. Almajiransa da hannu suka riƙa kwafe rubuce-rubucensa na Larabci da na ajami, da alƙalamin kara da tawada. A yau kuwa jikokinsu na aika aikin bugu ta wayar hannu, kuma wannan sauyi ya fara raba masu ɗab'i gida biyu: waɗanda ciniki ke samu har cikin shago, da waɗanda ya fara wucewa ta bayan gidansu.

A da, wanda ke son katin aure, ko kalandar makarantar Islamiyya, ko takardar sanarwar addu'ar kwana arba'in, sai ya taka da ƙafarsa. Idan aikin mai launi ne kuma mai yawa, sai Tamale, ko Kumasi, ko unguwar New Town a Ankara, inda injinan bugu suka fi yawa. Mutumin Salaga da ya nufi kudu ta Makango sai ya jira jirgin fito zuwa Yeji. Zai je sau ɗaya ya ba da aiki, ya sake komawa ya karɓa, kuɗin mota kaɗai ya kusa kai kuɗin bugun.

Yadda abin yake tafiya

A ƙasashen Turai da Amurka kamfanoni irin su Vistaprint sun daɗe suna karɓar oda ta intanet: mutum ya zaɓi zane, ya rubuta abin da yake so, ya biya, a kawo masa gida. A Legas ma kamfanin Printivo na bin wannan tsari. To, amma a garuruwanmu irin su Salaga da Yendi da Bawku, abubuwa uku ne suka tsaya a madadin wannan: WhatsApp, da MoMo, da direban tasha.

Mai aiki zai aiko da rubutunsa da hotuna. Mai ɗab'i ya tsara a kwamfuta, ya mayar masa da samfur ya duba. Idan ya amince, sai ya tura kafin alƙalami ta MoMo, a buga, a ɗaure, a ba direba, a aika masa lambar motar. Kamfanin MTN ya fara MoMo a Ghana a 2009, a 2018 kuma aka haɗa layukan ta yadda mai wani layi zai iya tura wa mai wani. Harajin E-Levy da aka ɗora a 2022, wanda ya sa wasu suka koma riƙe tsabar kuɗi, an soke shi a 2025. A Bawku, inda aka sha saka dokar hana fita saboda rikici, samun hanyar ba da aiki ba tare da fita ba, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ribar mai shago a bayyane take. Cinikinsa bai tsaya ga masu wucewa ta ƙofarsa ba. Ɗan Yendi da ke aiki a Ankara ko a Jamus zai iya ba da odar katin auren ƙanwarsa, ya biya daga can, a kai wa iyaye a gida. Haka kuma ba ya sayen takarda da tawada sai kuɗi sun shigo, kuma saƙon amincewa da samfur ya zama shaida idan gardama ta taso.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai hanyar da ta kawo ciniki ita ce kuma za ta iya kwashe shi. Wayar da ta kai ka shagon Salaga, cikin daƙiƙa za ta kai ka New Town, inda babban inji ke buga dubbai da araha. Ƙaramin mai ɗab'i ba zai iya ja da su ta fuskar farashi ba. To, da me zai riƙe jama'arsa?

Amsar tana cikin harshenmu. Sau nawa muka ga fosta ta dawo daga nesa an mai da ƙasa ta zama kasa, ɗa ya zama da, ko an juya ayar Alƙur'ani haruffanta sun rarrabu saboda kwamfutar ba ta san rubutun dama zuwa hagu ba? Wanda bai iya Hausa da Larabci ba, ba zai ga kuskuren ba balle ya gyara. Mai ɗab'in zango kuwa ya san yadda ake rubuta sunan liman da sarautar sarkin zango, ya san wanda ake fara ambata a katin gayyata. Idan ya yi kuskure kuma, an san gidansu. Wannan jari ne da babu injin da zai saya.

Abin lura

Ga masu ba da aiki: a aika hoto a matsayin takarda, domin WhatsApp na rage ingancin hoton da aka tura kai tsaye, sai ya fito dishi-dishi a bugu. A karanta samfur harafi bayan harafi, musamman suna da rana da lambar waya. A kuma sani cewa launin da ke haskawa a fuskar waya ba lalle ya fito haka a takarda ba.

Ga masu ɗab'i: a rubuta farashi a fili, a faɗi ranar gama aiki da gaskiya, tare da lissafin ɗaukewar wuta. Kada a saki kaya don an ga hoton rasit ko saƙon waya; a duba asusu tukuna, domin 'yan damfara na ƙirƙirar saƙon bogi. A kuma jawo yaranmu da suka yi boko da Islamiyya a koya musu tsara shafi.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Zamani ya rage wa maganar ƙarfi, amma bai kashe ta ba, domin aike ba ya tafiya sai da amana. Mai ɗab'in da ya riƙe ta, waya za ta zame masa ayari. Allah ya sa wa sana'a albarka, amin.